Rediyon da Twila Ta Zaɓa

Ƙanƙara ta fara dukan Twila tun kafin ta tsallake shingen da ya raba gidansu da na maƙwabciyarsu. Ɗaya ta same ta a kafaɗa, girmanta ya kai ƙwan kaza. Sama ta yi kore-kore, irin koren da duk wanda aka haifa a yammacin Oklahoma ya san abin da ke biye da shi. Mijinta Odell yana gaba, da shekarunsa sittin yana zabga gudu kamar saurayi, ko waiwayowa bai yi ba.

A bakin ramin ɓuya daga guguwa maƙwabciyar tasu Marlis ce tsaye, iska na neman kwashe ta. Odell ya ɗaga murfin ƙarfen, ya kama gwiwar hannunta, ya saukar da ita matakala ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. Sai da ta dire sannan ya tuna yana da mata.

"Twila, ɗago ƙafa mana."

Ta shiga da kanta, ba wanda ya riƙe ta.

A ciki fitila na ci, kwalaben tumatir da kuɓewar tsami jere a kan kanta, ga rediyon gargaɗi yana ta lissafa garuruwan da guguwa ta nufa. Kujeru uku ne, ɗaya da matashi.

"Ga taka nan, Odell," in ji Marlis. "Na sa maka matashi saboda bayanka."

"Ashe har ciwon bayansa kin sani," Twila ta ce.

"Duk cocinmu wa bai sani ba? Sai ya yi nishi uku kafin ya miƙe a yi waƙa."

Odell ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda rabon Twila da jin ta a cikin gidanta tun Kirsimeti. Ta zauna a kujerar da ba matashi, ruwa na ɗiga daga gashinta.

Jiniyar gari ba ta isowa nan, mil tara ne tsakani. Shekara uku ke nan da rasuwar mijin Marlis, kuma tun daga lokacin duk sa'ad da rediyonta ya yi kuka sai ta buga waya. Wayar Odell take bugawa, ba ta Twila ba. Shi kuwa ko cokali ne a bakinsa sai ya yar. Mutane na cewa maƙwabtaka ce. Twila dai ta san ruwa ba ya tsami banza.

Guguwar ranar ta bi ta arewa, ba ta taɓa su ba. A hanyar komawa gida Twila ta tsaya a gaban nasu tsohon ramin, wanda ruwa da gizo-gizo suka gaje.

"Gobe za ka kwashe ruwan nan, ka gyara murfin."

"To na Marlis fa, me ya yi? A bushe yake, ga fili."

"Ga matashi kuma. Gobe, Odell."

Ranar Asabar ta ɗauki a-kori-kurarsu ta nufi garin Pruett, ta tsaya a shagon kayan gona na tsoho Delbert. Ya jera mata rediyon gargaɗi uku a kan tebur.

"Wannan na hannu ne, murɗa shi ake yi ya samu wuta. Yana da daɗin tafiya kamun kifi, amma in ba ki kunna shi ba, shi ma barci yake kamar ke. Wannan na tsakiyar yana farkawa da kansa, sai dai ba ya da hankali. Ko a Texas aka yi yayyafi sai ya yi miki ihu. Sati biyu mutane ke yi su zare shi su jefa a durowa."

"Na ukun fa?"

"Shi ne mai hankalin. Shiru yake yi, sai an ambaci gundumar da kika sa masa lambarta. Yana cin batir kuma, ko an ɗauke wuta ba ruwansa."

"Wanne Marlis take da shi?"

Delbert ya dube ta ta saman tabarau. "Irin wannan ne, amma tsohon yayi. Naki ya fi nata ƙara."

"Naɗe min shi."

"Ki biya ta teburin bakin ƙofa, matan coci na sa wa mutane lambobi kyauta. Duk bazara haka suke yi."

Twila ta juya. Wa za ta gani a teburin, da takarda a hannu da murmushi har kunne, in ba Marlis ba.

"A'a, maƙwabciya, yau an yi abin kai. Kawo in saita miki, minti biyu ne."

"Ina da ido, ina da yatsu."

"To ungo takardar lambobin. Amma ki ji, biyu za ki sa. Ta gundumarmu Tolliver, da ta Redbank. Mu a bakin iyaka muke, mil biyu kacal, kuma daga kudu maso yamma guguwa take zuwa, ta wajen Redbank. Kafin a ambaci Tolliver ta riga ta shigo mana tsakar gida."

Redbank can ne mahaifar Marlis, daga can take zuwa da kek ɗin 'ya'yan itacen da Odell ba ya gajiya da yabo. Twila ta fizge takardar.

"Gundumarku ce, ba tawa ba. Labarin Redbank ya ishe ni haka nan." Ta rage murya, amma ba yadda sauran matan ba za su ji ba. "Kuma tunda na yi nawa, ki hutar da wayar mijina."

Murmushin Marlis ya ɗauke. Ta gyara takardun gabanta, ta ce, "Na ji, Twila."

A gida Twila ta ɗora rediyon a kan firij, ta sa tabarau, ta danna lambobi shida na Tolliver, ta ninke takardar. Ranar Laraba da tsakar rana, lokacin gwajin mako-mako, ya tsala ihun da ya sa kyanwa ta faɗa bayan kujera. Twila ta dubi mijinta.

"Ka ji murya? Ba sai an yi maka waya ana lanƙwasa harshe ba."

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Odell, ya ci gaba da cin wakensa da gurasar masara.

Kwana goma sha ɗaya wayar Odell ba ta yi ƙara ba. Twila ta lura da yadda yake zaro ta daga aljihu ya leƙa duk lokacin da hadari ya taso, ya mayar. Kowace leƙawa sai ta ji kamar an tsikare ta da allura.

A rana ta goma sha biyu an tashi da zafi mai danƙo, iska ta tsaya cak, shanu sun taru a kusurwa ɗaya. Bayan cin abincin rana Odell ya hau tarakta ya tafi can ƙarshen gonar alkama gyaran shinge. Wajen ƙarfe huɗu Twila na suyar kuɓewa, ta leƙa taga ta ga gabas fes, ta dubi rediyo ta ga 'yar fitilarsa koriya shar, bai ce uffan ba. Tagar kicin ɗinta ba ta kallon yamma.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Sunan Marlis. Ta kife ta. Ta sake yin ƙara, ta sake, har sau uku. Twila ta juya kuɓewarta.

Can sai ga ƙarar mota. Ta fito baranda da cokali a hannu, daidai lokacin da jar motar Marlis ta shigo da gudu tana hon. Marlis ta leƙo da kai ta faɗi wata magana tana nuna ramin, iska ta tafi da maganar. Ba ta tsaya ba, ta zagaye rumbu ta miƙe hanyar gona, inda Odell yake shi kaɗai.

Twila ta tsaya ƙiƙam. An hana ta waya, shi ne ta zo da ƙafarta, da rana tsaka, ta gaban ƙofar matar gida. Ta kashe murhu, ta cire ƙyallen girki, ta dawo ta tsaya a bakin matakala tana jera kalmomin da za ta faɗa, kowace da kaifinta.

Motar ta dawo tana tsalle a kan kunyoyi, Odell a kujerar gaba. Twila ta buɗe baki ke nan, sai idonta ya wuce motar ya faɗa kan abin da ke bayanta. Daga gajimare har ƙasa baƙi ne wuluk, faɗinsa ya fi na gonar, yana juyi a hankali, kwanukan rufi na yawo a gefensa kamar tsuntsaye.

A lokacin ne rediyon kan firij ya tsala ihu.

Odell ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba. Wannan karon ita ya cafka, ya ja ta har takalminta ɗaya ya fita. Su uku suka faɗa ramin da ya kwashe wa ruwa, shi da Marlis suka rataya a jikin sarƙar murfin, Twila ta rungume ƙugunsa. Kunnuwanta suka toshe. Ƙarar ta zo kamar jirgin ƙasa ya hau kansu, ƙasa na zubo musu a ka, murfin na ɗagawa yana komawa. Wani abu mai nauyi ya faɗo a sama. Daga nan sai tsit, sai ɗigar ruwa.

Da ƙyar suka ture murfin. Rabin rufin gidan Twila ya tafi, rumbu ya kwanta, tarakta ba a ma ganin ta. Suka juya wajen shinge. Inda gidan Marlis yake, daɓen siminti ne kawai da bahon wanka a kife.

Marlis ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Minti goma sha huɗu nawa ya riga naki, Twila. Na buga miki sau uku. Shi ban buga masa ba, tunda kin ce kada in buga."

Da matar nan ta yi zuciya ta shige raminta ta rufe, da yanzu Odell yana inda tarakta take. Twila ta dubi mijinta, ta ga ya sunkuyar da kai yana jiran ta, bai isa ya fara cewa Marlis ta zauna da su ba.

"Ɗakin ɗinkina bai yi komai ba," ta ce. "Akwai gado a ciki. Ki zauna har ki ga yadda za ki yi."

Washegari da safe ta sauko da rediyon daga kan firij, ta ajiye a gaban Marlis tare da takardar lambobin.

"Sa masa ta Redbank. In akwai wata gundumar ma ki ƙara."

"Biyu sun isa. In kika cika masa, sai ya koma kamar Odell, komai ya gani sai ya yi magana."

Dariya ta suɓuce wa Twila ba ta shirya ba. Kishin bai mutu ba, ta san da haka, don da Odell ya miƙa wa Marlis kofin shayi sai da ta duba ko nata ya fi cika. Amma ta fara gaya wa kanta cewa shekara uku ta yi tana faɗa da inuwa.

A rana ta uku mutanen coci suka zo da motoci da zarto, Odell da Marlis suka bi su can daɓen ana tsince-tsince. Twila ta tsaya gida tana dafa wa ma'aikata abinci. Wata farar mota da ba ta sani ba ta shigo a hankali tana kauce wa ƙusoshi. Wata mata mai furfura ta fito, rungume da gwangwanin biskit da ya lotse.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Sannunku da wannan jarrabawa. Daga nesa nake, mil arba'in. Shekaranjiya wannan ya faɗo mana a garken shanu. Na bi adireshin da ke jiki, na hango ba gida, mutane na ta aiki a wurin, sai na ce bari in tambaya nan."

Ta buɗe gwangwanin. Wasiƙu ne a ɗaure da zare, ruwa ya ɗan taɓa gefensu. Twila ta san rubutun tun daga inda take tsaye. Shekara talatin da takwas tana ganin sa a takardar cefane.

"Ki yafe ni, na karanta biyu don in gane mai su," matar ta ce, tana murmushi. "Ba a samun maza masu irin wannan kalamai yanzu. Na ce wa maigidana, duk nisan wurin sai na kai wa matar nan wasiƙun mijinta Odell. Ke ce Marlis ɗin?"

Daga can bayan shinge Twila ta jiyo dariyar Odell. Ta goge hannuwanta a jikin riga, ta miƙa su.

"Ni ce," ta ce. "Shigo ki zauna."