Kujera ta Biyu a Kumbo

"Wallahi sun lalata wasan nan," in ji Ja'afar, yana gyara ƙafarsa da ke ɗaure cikin karan ɗori. "Ka danna abu ɗaya, duniyoyi su bayyana gabanka kamar tumatir a faranti? Wannan ai ba bincike ba ne, cefane ne."

Ƙanensa Rufa'i ya yi dariya daga bakin ƙofa. "Yaya Jafaru, kai kana kwance. Mu masu gona fa? Kafin in kai tauraro guda cajina ya mutu, data ta ƙare."

Tun da mota ta ture Ja'afar daga kan babur a hanyar Doguwa, duniyarsa ta koma katifa da tagar ɗaki da wasan kumbo a waya. A tsohon tsarin wasan, mutum ɗaya ba ya iya gano sabuwar duniya. Dole ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya zauna kujera ta biyu yana duba na'ura, a yi ta tafiya cikin baƙin sarari ba komai. Saboda haka kullum bayan la'asar amininsa Abdulmalik yake jingine babur a ƙofar gida, ya zauna gefen katifa, su yi ta tafiya suna zagin gwamnati da 'yan ƙwallo. Yanzu masu wasan sun fito da sabon tsari na mutum ɗaya, sun ce kowace ƙungiya ta zaɓa. Su uku ne ƙungiyar. Rufa'i ya zaɓi sabo tun jiya.

"Kai me ka ce, mutumina?" Ja'afar ya tambayi Abdulmalik.

Abdulmalik bai ɗago ba. "Duk wanda ka zaɓa shi na zaɓa."

"Ai daɗin abin a wahalar yake," in ji Ja'afar, ya ƙara murya. "Ka sha tafiya, ka isa, ka sa wa duniyar suna da kanka."

"Haka ne."

Sai a lokacin Ja'afar ya dube shi sosai. Ƙaiƙayin masara a gashinsa, tafin hannunsa duk ya tsattsage, yana riƙe da waya amma idanunsa na rufewa da kansu. Masarar Abdulmalik na zube a gona wajen Dangora, ga hadari ya fara haɗowa tun azahar. Ja'afar ya san haka tun shigowarsa, ya dai ƙi sani ne.

Ya ja wayarsa, ya danna.

Rufa'i ya leƙo. "Sabo? Kai da ka cika mana kunne?"

"Na gaji da tuƙa wannan," in ji Ja'afar. "Gyangyaɗi yake yi mini a kujera. Tashi ka je ka kwashe masararka, malam, kafin ruwa ya kwashe maka."

Abdulmalik ya miƙe. "Zan leƙo gobe, in Allah ya so."

"Allah ya kai mu."

Ƙarar babur ta yi nisa. Ja'afar ya gwada sabon tsarin, ya danna sau ɗaya, duniyoyi suka jeru har da sunayensu. Ya duba taga, rana ba ta ko motsa ba.

Matarsa Zubaida ta ɗaga labule da kofi biyu na kunu, ta dubi gefen katifa.

"Ajiye duka," in ji shi. "Zan sha a hankali."