Wuƙar Baba da Gindin Kofi

Ranar da likita ya ɗora Baba a kan maganin tsinka jini, sai da ya maimaita mini magana ɗaya har na kusa ce masa ni ba kurma ba ce. Ya ce daga yau ko ƙwarzanewa ba a so Baba ya yi, domin ɗan yankan da wani zai tsotse ya manta, shi zai iya zubar masa da jini har a ba shi gado a asibiti. A raba shi da reza, a raba shi da duk wani abu mai kaifi. Yana wannan bayani Baba na zaune a gefena, hannunsa cikin aljihun riga, ni kuwa na san abin da yake shafawa a ciki.

Wuƙa ce. 'Yar wuƙar aljihu, irin mai naɗewar nan da ake bajewa a tebur tare da tocila da kwaɗo da abin yanke farce. Gyaran wutar lantarki Baba ya yi har ya tsufa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin aljihunsa babu irinta ba. Da ita yake fere waya, da ita yake fiƙe mana fensir, da ita yake feraye lemu, ɓawon ya sauko zare ɗaya bai tsinke ba, ya rataya mini a wuya wai ga sarƙar Auta. Bai taɓa sayen mai tsada ba. A wurinsa wuƙa abar aro ce da ɓata, duk wanda ya sayi mai tsada wani ya saya wa. Ƙarfe dai duk ƙarfe ne, in ji shi, hannu ne ya bambanta.

To, hannun ne ya fara rawa. Tun bayan rasuwar Mama a wurina yake zaune, a ɗakin da ke kusa da baranda. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba. Yayana kuwa, mu biyu kaɗai Baba ya haifa, yana can wani gari mai nisa yana kula da mahaifinsa ta waya. Ni ce nake fita shagon ɗinki da safe, ni ce nake dawowa in tarar Baba ya sa tabarau a cikin firji, ko ya tambaye ni ko na ci abinci, na amsa, ya sake tambaya kafin in ajiye jaka. Mantuwa ta fara cin sa ta ko'ina, amma ban da wuƙar nan. Kullum da la'asar zai zauna a baranda ya feraye mini lemu, ko ina so ko ba na so.

Da lalama na fara. Na durƙusa a gabansa na tsara masa maganar likita dalla-dalla. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Auta, tun da kike, kin taɓa ganin na yanke?"

Ban taɓa ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da na kira Yaya, sai ya ce shi bai ga abin wahala a nan ba, in ɗauke wuƙar kawai mana. Kawai! Wannan "kawai" ɗin ta Yaya, da ana sayar da ita da tuni ya yi gidan sama. Amma dai na bi maganarsa. Baba ya shiga wanka, na zare wuƙar daga aljihun rigarsa, tsohuwar mai mariƙin ruwan ɗorawa da aka naɗe da baƙin salatif, na jefa ta can ƙasan durowar kicin.

Ya birkita gidan nan kaf, har ƙarƙashin katifa. Bai tambaye ni ba, ni ma na yi kamar ban san ana yi ba. Washegari na dawo daga aiki na same shi a baranda, lemu a hannu, sabuwar wuƙa ja tana ta ƙyalli. Mutumin da ke manta ko ya sha magani, bai manta hanyar tashar mota ba, inda mai tebur yake baje kolinsa. Na ɗauke jar, ya sayo koriya. Na ɗauke koriyar, ya sayo wata baƙa mai haɗe da abin buɗe kwalba. Durowar kicin ta cika har ta daina rufuwa sosai, ni da kaina na kusa yankewa ina neman cokali.

Baƙar nan ce ta yi mana aika-aika. Ashe makullinta sako-sako ne, irin wanda in ka danna da ƙarfi sai bakin ya dawo ya rufe. Ya rufe a kan yatsan Baba. Allah ya sa ina gida. Yankan bai kai tsawon farce ba, amma jinin nan ya ƙi tsayawa. Auduga ta jiƙe, ƙaramin tawul ya jiƙe, na ɗaure na sake ɗaurewa, muka fita ko ƙofa ban kulle ba. A asibiti wata nas ta wanke ni tas a gaban mutane, wai ku 'ya'yan zamani ba ku san darajar iyaye ba, ta yaya za a bar tsoho da wuƙa. Na haɗiye, don in na buɗe baki a lokacin sai an fitar da ni.

A hanyar dawowa, Baba ya ɗaga yatsansa da aka naɗe da bandeji ya duba, ya ce a hankali, "Da tawa ce, ba za ta yi mini haka ba. Na san halinta."

Ban kai shi gida ba sai da na biya ta wurin mai tebur. Na bar Baba a motar hayar da muka ɗauko na je na sauke masa duk abin da nas ta ɗora mini, har da ƙari. Bawan Allah ya bar ni na gama, ya ba ni haƙuri, sannan ya ce shi ba zai iya kallon idon dattijo ya ce ba zai sayar masa ba. Kuma ko ya hana, ga wani tebur can tsallaken titi, nasa ma sun fi lalacewa, ga motoci. Wai ina so Baba ya riƙa tsallaka titi? Na yi tsaki na juya.

Yaya ya kira, ya fara da faɗa, ya ƙare da sabuwar shawara. Wai in mayar wa Baba tsohuwar wuƙarsa, amma in dakusar da ita kawai. Na ji haushin da shawarar ta fito daga bakinsa, domin ta yi kama da mai amfani. Na tono tsohuwar daga durowa, na zauna a matakalar bene na goga bakinta a siminti har sai da na ja ta a tafin hannuna ban ji komai ba. Na sa masa a aljihu.

Murnar da ya yi da ya gan ta, kai ka ce ɗa ne ya dawo daga tafiya. Ya buɗe, ya ɗora babban yatsa a bakinta, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ni kuwa na duƙufa ninke kaya kamar an ba ni kwangila. Sai ya nemi in haɗa masa shayi a kofinsa na tangaran. Ya shanye tas, ya kife kofin a cinya, ya tofa ɗan yawu a zoben gindin, wurin nan mai kaushi da ba shi da santsi, ya shiga wasa wuƙarsa. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya juya ɗaya gefen. Da ya gama ya goge a wando, ya aske gashin bayan hannunsa ya gani, mutumin da aka ce ko ƙwarzanewa kada ya yi. Sannan ya feraye lemu ya miƙo mini.

Na karɓa na sha. Me zan yi?

Daga nan muka buɗe sabon shafi. Da safe yana wanka ina matakala ina goga, da la'asar yana baranda yana wasawa. Maƙwabciyarmu ta ƙasa har ta tambaye ni ko ɓera ne ke cin siminti. Na ɓoye kofin, ya koma gindin faranti. Na kwashe farantan tangaran na bar na roba, ya cire bel ɗinsa na fata ya wasa a kai. Na gaji na dawo da kofin, don ba zan bar mahaifina yana yawo yana riƙe da wando ba. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi. In na fita aiki kuwa zuciyata tana gida, waya ta yi ƙara in zabura, har na taɓa ɗinke hannun riga a wurin wuya. Na rame. Wallahi akwai ranar da na zauna a matakalar nan ina goga wuƙa ina kuka, ina cewa wannan wace irin rayuwa ce, mace da girmanta tana faɗa da tsoho a kan wuƙar da kuɗinta bai kai na sabulu ba.

Wata safiya na zare ta kamar kullum, na zauna a matakala, na taɓa bakinta kafin in fara. A dakushe take, yadda na bar ta jiya. Na ce ƙila barci ya ɗauke shi. Washegari ma haka. Da abin ya ɗore, na ji wani sanyi a raina, na ce alhamdu lillahi, tsoho ya gaji ya sallama. Har na daina zuwa matakala. Ban lura da cewa lemun da nake sayowa yana nan a kwando yana yamushewa ba, sai daga baya.

Ran nan na taso da wuri saboda an ɗauke wuta a shago. Na shigo na hango shi a baranda, bai ji motsina ba. Kofin yana kife a cinyarsa, lemu a gefe, wuƙar a hannunsa a naɗe. Yana juya ta. Ya dubi wannan gefe, ya dubi wancan, ya ɗora ta a kan kofin a rufe, ya ɗauke. Ya ja ta ta tsawo kamar mai cire murfin biro. Ɗan ramin da ake sa farce a buɗe yana nan a ƙarƙashin yatsansa, ramin da ya buɗe ta da shi sau dubu nawa ido rufe.

Da ya gan ni ya yi murmushi irin na wanda aka kama. Ya miƙo mini ita ya ce, "Auta, wannan ta ina ake bi da ita?"

Na ajiye jaka. Abin da nake nema wata da watanni ke nan, ga shi an ba ni. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na sa farce na buɗe. Na ɗauki kofin na tofa yawu, na kwantar da bakin wuƙar yadda na sha ganin yana yi ta wutsiyar ido. Na ɗauki lokaci, don ni ce na lalata ta, kuma na lalata ta da kyau. Da ta yi kaifi na ɗauki lemu mafi dama-dama na fara ferayewa. Ɓawon ya tsinke tun ban yi rabi ba, ya sake tsinkewa, na huda lemun ruwa ya bi mini hannu.

Baba yana kallo da sha'awa. Ya ce, "Wa ya koya miki wasa wuƙa da kofi?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa baƙo in ya faɗi abin da ba a gane ba. Ya karɓi lemun ya sha, ya ce akwai zaƙi.

Waya ta yi ƙara, Yaya ne. Ya tambayi jikin Baba, ya tambaya ko har yanzu ana fama da maganar wuƙa. Na ce a'a, ya daina. Sai ya ce, "Kin gani ko? Ai na gaya miki abin ba wuya."

Na kashe wayar. Na goge wuƙar a gefen zanena, na naɗe ta, da kaifinta da komai, na sa wa Baba a aljihun riga. Ya kai hannu ya shafa ta ta waje, ya ji tana nan, ya tambaye ni ko na ci abinci.