Jaje a Gonar Inabi

Kofi na uku ke nan ana ajiyewa gaban Malam Sada, yana turewa gefe da bayan hannu. Matar da ke zuba musu ta gane, ta kawo masa ruwa, ta ci gaba da bayaninta. Mutum goma sha ɗaya ne zagaye da teburin, kowa ya jujjuya jar giya a kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido kamar wanda wa'azi ya ratsa. Babu mai jin Hausa a cikinsu, babu kuma wanda ya tambaye shi ko sunansa.

Manomi ne daga Ƙarfi, ta wajen Malumfashi. Taron masu noman 'ya'yan itace ne ya kawo shi Afirka ta Kudu, ƙungiyarsu ta ba da sunansa don shi kaɗai ke da gonar inabi a yankin. Yau da aka rufe taro sai aka kwaso su a bas zuwa wannan kwari, inda aka ce an fi shekara ɗari uku ana noman inabi ana matse shi. Shi ya ɗauka gona za a nuna musu. Ashe ganguna ne jere a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai warin tsami.

Gonar tasa ma, gaskiya, sunanta kawai ya rage. Shekara uku da suka wuce ya hana rabin gonar gadonsu masara, ya dasa inabi ɗari da ashirin da ya samo daga wajen Zariya. Wanda ya ba shi dashen ya ce masa a riƙa datse rassa, Sada ya ji ta kunnen dama ta fita ta hagu. Wane manomi ne mai hankali zai sa wuƙa a reshe lafiyayye? Ya yi ta zuba taki kamar masara yake reno. Ganye ya yi ganye har wayar rumfar ta lotsa, amma 'ya'ya ko na ɗanɗane babu. A majalisa har an raɗa masa Sada mai inuwa. Matarsa Maijidda ce kaɗai ba ta dariya, a gabansa dai.

Ana saura kwana huɗu ya taso, shanun Mati suka fasa shinge. Mati makiyayi ne, maƙwabcinsa, tare suka yi wasan ƙasa. Kafin a ankara shanun sun cinye ganyen tas, sun kakkarya rassa, sun bar masa sanduna tsirara. Sada ya zazzaga wa Mati maganganu a gaban mutane, irin waɗanda ba a janyewa da sauƙi. Sannan ya ce wa ƙaninsa Aƙilu ranar Asabar a tone komai a shuka wake, ya gaji. Yau Alhamis.

Ya miƙe ya fita, ba wanda ya ɗago kai. Da suka iso ruwa ake yi, tagogin bas duk sun yi dishi-dishi, bai ga komai ba. Yanzu ruwan ya ɗauke, sanyi na shiga masa ta ƙasan babbar riga. Ya zagaya bayan farin ginin, sai ya tsaya cak.

Tun daga ƙafarsa har gindin duwatsu inabi ne, layi bayan layi, kuma babu ganye ko ɗaya. Baƙaƙen kututture ne da busassun rassa rataye a waya.

"Innalillahi," ya ce a fili. Tasa ɗari da ashirin ce ta hana shi barci, to waɗannan bayin Allah fa? Kuma suna can ciki suna dariya!

Can cikin layi ya hango wani tsoho da hular sanyi, riƙe da almakashi, yana yanke rassan yana watsarwa ƙasa. A Ƙarfi ba a wuce manomin da asara ta samu a yi shiru. Sada ya taka cikin taɓo har gabansa, ya ɗan rusuna, ya tattaro Turancinsa na kwalejin horon malamai.

"Sannu da aiki, baba. Na ga abin da ya same ku. Allah ya mayar da alheri. Cuta ce ko fari?"

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Me ya same mu?"

"Gonar. Ta mutu duka."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Da ya ga baƙon ba wasa yake ba sai ya daina. Ya kamo reshe ɗaya, ya kankare bayansa da farce, ya nuna masa. Cikin kore ne shar, da danshi.

"Barci take. Lokacin sanyi ne. Kowace shekara haka muke aske ta, mu bar mata ido biyu a kowane reshe. A sabon toho take haihuwa. Ka bar mata rassanta, ganye za ta yi ta ba ka har ka tsufa."

Sada ya ji kamar a majalisar Ƙarfi aka faɗi maganar. Ya ciro wayarsa, ya nemo hotunan da ya ɗauka don kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ba tsohon labarin shekara ukun da na shanun. Tsohon ya goge hannu a wando, ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu, ya daɗe yana kallo.

"Shekara uku ba ka taɓa yanka ta ba?"

"Ko sau ɗaya."

"To shanun nan sun fi ka sanin aikin." Ya miƙa masa wayar. "Ban san yanayin ƙasarku ba. Amma kututturen nan lafiyayye ne, kauri gare shi. Ka je ka gyara inda suka karya, ka yi yanka mai tsabta. Wannan bai mutu ba."

Ya danƙa masa almakashin, ya riƙe masa hannu, ya nuna masa gaɓar da ake ƙirgawa da inda ake karkata baki. Sada ya yanka na farko yana runtse ido. Na biyar kuwa shi ya zaɓi wurin da kansa, tsohon ya gyaɗa kai. Tun da ya sauka ƙasar nan, sai yanzu ya ji yana tsaye kusa da mutum. Murna ta cika shi har ya manta da sanyi. Saura kwana biyu cur kafin Asabar. Kalma ɗaya ce zai faɗa wa Aƙilu, a dakata.

Ya koma gefe ya kira. Wayar Aƙilu a kashe, kamar kullum. Ya kira Maijidda, sai a kira na uku ta ɗauka, da hayaniyar mutane a bayanta.

"Malam! Yanzu nake cewa a kira ka. Ina gonar ma, na kawo musu kunu."

"Su wa?"

"Mati mana. Tun jiya da asuba ya zo da 'ya'yansa uku da diga. Ya ce shanunsa suka yi ɓarna, ba zai bari ka nemi 'yan ƙwadago ba. Sun tone duka, sun tara can bakin shinge, sun naɗe maka wayar rumfar tsaf. Yau kuma ya kawo shanun huɗa. Wallahi ka ga kunyoyin, sai shuka kawai."

Sada ya dafa turken da ke kusa da shi. "Duka, Maijidda?"

"Ko ɗaya bai bari ba. Saiwar ma da gatari suka bi ta, ta yi zurfi. Bawan Allah nan ko kunun ya ƙi sha, wai sai ya ji ka huce. Ga shi nan, bari in ba shi."

Kafin ya ce wani abu ya ji numfashin Mati a kunnensa, numfashin wanda ya wuni biyu a rana.

"Malam Sada, barka da hanya. Ka yi haƙuri don Allah. Tun ranar nan abinci ba ya shiga mini."

Maganar cewa shanun ba su kashe inabin ba tana bakin Sada, ta zo har kan harshe. Ya dubi tsohon, wanda ya tsaya da aiki yana jiran ya ji labari mai daɗi. Ya tuna abin da ya faɗa wa Mati a gaban mutane, ya tuna kuma da bakinsa ya ce a tone. Idan ya faɗa yanzu, Mati zai ɗauki kayan da ba nasa ba har ƙarshen ransa.

"Ya wuce, Mati. Ni ne ma zan ce ka yafe mini. Allah ya saka da alheri. Ka sha kunun."

"Alhamdu lillahi!" Muryar Mati ta saki. "To yaya ƙasar? An ce gidan inabi ka je. Nasu ya yi kyau?"

Sada ya bi layukan da kallo har gindin duwatsu. Daga cikin ginin ana ta tafi, direban bas ya fara danna hon.

"Kamar namu yake, Mati," ya ce. "Yadda na baro shi, sak."