Yasa ta Uku a Rijiyar Gwaggo Tasalla

Sau uku Gwaggo Tasalla ta aiko mini a damina ɗaya, a na ukun kuwa sai da raina ya ɓaci. Ni Mijinyawa, shekara ashirin ina haƙar rijiya da yasarta daga Ruwan Bago har Karaye, ba a taɓa ce mini in dawo in sake ba. Sai ga shi a shekarar da aka yi ƙidaya, tsohuwa ɗaya a Unguwar Hajji tana ta yi mini kiranye.

Ba laifinta ba ne. Rijiyar a ƙofar gidanta take, awakinta ta sayar aka haƙa ta sadaka ga marigayi mijinta, Malam Ƙasimu. Guga kullum a rataye, duk mai wucewa ya ɗiba ya sha, ya yi wa mamacin addu'a. Abin da ya rage mata a duniya ke nan. Kwatsam ruwan ya fara wari, ya yi wani ɗaci-ɗaci, tuwon da aka yi da shi ya koma baƙi-baƙi.

Kowa ya ce wani abu ne ya mutu a ciki. Ni ma haka na ce, don abin da muka sani ke nan: kaza ko ɓera ya faɗa, a kwashe ruwan tas, a fitar da laka, sabo ya tsattso. Sau biyu muka yi haka, ni da ƙanena Sulle mai riƙe mini igiya. Ko gashin ɓera ban gani ba. Kwana huɗu wari ya dawo. Aka fara cewa Mijinyawa ya tsufa, ba ya kai wa ƙasa. Maganar nan ta hana ni sukuni, ko tuwo na sa a gaba sai in ji warin rijiyar a hancina.

Da na je karo na uku, na iske Gwaggo tana kai-komo a bakin rijiyar.

"Gwaggo, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan, in ban da wannan. Ya hanya, ya iyalin?" Ba ta jira amsa ba. "Jikokin Hajo maƙwabciyata biyu suna kwance da ciwon ciki. Ba ta ce mini uffan ba, amma gaisuwarta ta canza. Ka duba mini da kyau, don Allah don Annabi."

Muka kwashe ruwan, na shiga. Wannan karon da na gama fitar da laka ban ja igiya a fitar da ni ba. Na tsuguna na zuba wa idon ruwan ido. Sulle yana ta girgiza igiya daga sama, na yi banza da shi. Ruwan da ya fara tsattsowa daga ƙasa garau yake, na ɗanɗana, babu abin da ya same shi. Ina cikin mamaki sai na ji ɗigo a kafaɗa. Na ɗaga kai. A bangon gabas, daidai tsayin mutum, wani baƙin ruwa mai maiƙo yana naso yana gangarowa. Na toshe da laka, ya ɓullo ta gefe. Na toshe nan, ya ɓullo ta ƙasa.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce mini in fita in ce ƙadangare na samu a maƙale, in karɓi sunana in kama hanyar gida. Na daɗe a ramin nan ina juya maganar kafin in ja igiya.

Ina fita na miƙi gabas. Taku talatin na ci karo da juji. Da can kududdufi ne inda ake ɗibar ƙasar gini, yanzu ya cika ya yi tudu da sharar kasuwa. Ga tsofaffin batura sun fashe, ga gwangwanayen maganin feshi, ga ƙazantar mahauta, ruwan sama ya kwanta a kai yana nitsewa a hankali.

"Wane marar tunani ne ya ce a riƙa zuba shara a nan?" na faɗa da ƙarfi.

"Ni ce," in ji Gwaggo daga bayana. "Sauro ya ishe mu, kuma ina tsoron kada wani ya faɗa. Ni na roƙi masu jakuna su cike mini shi. Har kunu nake dama musu."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

"In an kwashe jujin fa?" ta ce.

"Gwaggo, ƙasar ta riga ta sha. Shekaru za ta yi tana amayar da shi. Ko sau ɗari na yashe, abin da zai dawo ke nan."

"A yi mata siminti?"

"Zai bi ta ƙasa ya iske idon ruwan. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban iya ba."

Ta riƙa murza bakin gyalenta.

"To wata nawa ke nan ina shayar da bayin Allah wannan abu, suna yi wa Malam addu'a?"

Na yafito Sulle.

Muka jera itace a bakin rijiyar, muka ɗora tsohon kwanon rufi, muka danne da duwatsu. Ita da kanta ta sauke gugan, ta tsaya tana naɗe igiyar a hannu, ta warware, ta sake naɗewa. Muna haka sai ga wani Bafulatani ya ratso daga hanyar Yammedi, sanda a wuya, zufa ta jiƙa masa riga. Ya yi sallama, ya dubi inda gugan ya saba zama, ya dube ta.

"Inna, a taimaka da ruwa."

Ta juyo ta dube ni, ko zan faɗa a madadinta. Na sunkuyar da kai.

"Babu ruwa a nan, ɗana," ta ce. "Ka yi gaba."