Ƙafafun Wasila

Wasila ta daina shan maganin asibiti tun kafin a fara saran rake a Dandamisa, kuma ba da ka ta daina ba. Likitan da take gani a Zariya ne ya yi ta rage mata ƙwayar kaɗan-kaɗan, har ranar da ya ce ya isa haka, ta dai riƙa zuwa ana duba ta. Muryoyin nan da suka riƙa yi mata magana a kunne, waɗanda suka kashe mata aure suka dawo da ita ɗakin uwarta, sun daɗe da yin shiru. Hankalinta garau yake, wallahi ya fi na wasu masu yi da ita.

Jikin ne ya ƙi sakin ta. Ƙafafunta ba sa zama. Da ta zauna sai ta ji kamar tururuwa na yawo cikin ƙashinta, dole ta miƙe ta kama zagayen tsakar gida, daga rumbu zuwa rijiya, daga rijiya zuwa bakin zaure. In kuwa ta cije ta zauna, sai leɓɓanta su kama motsi su kaɗai, harshe na juyawa kamar mai tsotsar alewa. Likita ya ce wannan ragowar maganin ce, ba ciwon ne ya dawo ba, kuma sau da yawa takan lafa a hankali. To amma shi likita yana can Zariya. A Dandamisa an riga an yanke hukunci cewa Wasila hira take da mutanen ɓoye, kuma in ta zauna suke zuwar mata.

Wa zai zauna da mai irin waɗannan baƙi? Matan da ke shigowa ɓarar gyaɗa suka ɗauke ƙafa. Uwarta, Inna Indo, tana son ta, wannan ba a musu, amma ita ma in ta ga bakin ya fara motsi sai ta kau da kai tana a'uziyya ƙasa-ƙasa. Wasila tana ji. Kaɗaici ya ishe ta, har takan wuni ba ta yi magana da kowa ba sai akuya.

Ana nan sai ƙanwarta Firdausi, wadda ke aure a Kudan, ta yi haihuwar fari, aka kawo ta wankan gida. Kun san yadda barka take: duk macen da ta shigo sai an ɗora mata jinjiri a cinya, ta leƙa fuskarsa, ta ce hancin na wane ne, sannan ta miƙa wa ta kusa. Ranar Wasila ta yi wanka, ta sake zane, ta samu gefen tabarma ta zauna, ta danne gwiwoyinta da hannu biyu. Jinjiri yana tahowa hannu-hannu, har tana jin ƙamshin turaren jikinsa. Da ya iso kan matar da ke damanta, sai matar ta ɗan yunƙura, ta miƙa shi ta saman kan Wasila zuwa ga ta hagu. Ko wata tsohuwa mai karkarwar hannu an ba ta fa! Wasila ta ce, "Allah ya raya," ba wanda ya amsa, ta tashi ta fita.

Aikinta a jegon shi ne itace da ruwa. Ita ke cika ƙatuwar tukunya safe da yamma, ta hura wuta har ruwa ya tafasa, ta dama kunun kanwa. Firdausi takan ce, "Sannu da aiki, Yaya," amma tana faɗa tana ƙara jan yaron jikinta. Wasila ba ta roƙi kowa ba. Abu ɗaya take so a duniya, ta ji nauyin yaron nan a jikinta kafin a yi arba'in a mayar da shi Kudan.

Yaro ya ci suna Huzaifa. Bai daɗe ba ya tsiri kuka, kullum bayan la'asar, daidai lokacin wankan yamma. Aka gasa cibiya, aka ba da rubutu, a banza. Ba ya shiru sai an ɗauke shi ana tafiya, ga Inna da ciwon gwiwa, ga shi ita ke yi wa mai jego wanka.

Wata yamma kukan ya wuce misali. Inna da Firdausi suna banɗaki, yaro shi kaɗai a ɗaki yana tsala ihu har yana shiɗewa. Wasila tana zagayenta, duk ta zo ƙofar ɗakin sai ta leƙa, ta ɓoye hannuwanta a baya, ta wuce. Can sai ga Inna ta fito da ganyen darbejiya a hannu, ruwa na ɗiga, ido ya yi ja don gajiya.

"Ke Wasila, tunda dai ba kya iya zama, zo nan ki durƙusa."

Da hannunta ta ɗora mata yaron a baya, ta ɗaure zane, ta kawo majanyi ta yi ƙulli biyu, ta ja ta ga ya yi tam.

"Kada ki fita zaure. Kada kuma ki zauna."

"To, Inna."

Wayyo, ɗumin nan! Wasila ta taka a hankali, kumatun yaro manne da bayanta. Kafin ta kai rijiya kukan ya koma shessheƙa, kafin ta dawo rumbu ya yi barci. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, don hannuwanta suna tallafe da shi.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. La'asar na yi, a ɗaura mata Huzaifa. Maƙwabta har suna leƙowa ta katanga suna cewa, "Ikon Allah, ashe yawon nan zai yi rana." Sau ɗaya ta ɗosana a kan turmi don ta gyara takalmi, sai ga Inna a kanta tana kwance majanyi. Daga baya ta jiyo ta tana gaya wa Firdausi a ɗaki, "In tana tafiya ba komai. Da kin ga ta zauna ko ta tsaya, ki karɓe ɗanki, lokacin suke zuwa."

Ana sauran 'yan kwanaki arba'in, har an aiko daga Kudan cewa za a turo mota, Wasila tana zagaye da goyonta. Rana ta yi sanyi, ana jiyo amalanken rake na wucewa a waje. Ta zo bakin zaure ta tsaya don kaza ta gifta. Kaza ta wuce, ita kuwa tana nan tsaye. Ta saurari ƙafafunta. Shiru! Babu tururuwa, babu komai, sai gajiya, gajiya mai daɗi irin ta kowa, wadda ta manta yadda take. Gwiwoyinta suna roƙon tabarma. Ashe gaskiyar likita ce. Farin ciki ya cika ta, ta waiga tana neman wanda za ta gaya wa, ta ga tsakar gida fayau. In ta ce ta samu sauƙi, wa zai yarda, ga baki bai gama daina motsi ba?

Inna ta leƙo daga banɗaki, ta gan ta tsaye cak. Nan take fuskarta ta sauya, ta fara goge hannu a zane.

"Lafiya kika tsaya? Kin gaji ne? Kawo shi nan."

Wasila ta dubi tabarmar da ke shimfiɗe a inuwar rumbu. Huzaifa ya motsa a bayanta, ya ƙara lafewa.

"A'a, Inna," in ji ta. "Ƙafar ce, kin san ba ta bari na."

Ta gyara goyonta, ta ci gaba da tafiya.