Ƙwaron Inna

Dakta ta sake danna maɓallin, ta naɗe hannu tana hararar kwamfutar kamar harara za ta sa ta canza magana. Ina! Bishiyar zumuncin ƙwarin ta sake fitowa yadda ta fito jiya: rassa sun bazu, kowane ƙwaro a wurinsa, can ƙasa kuma sunaye biyu sun manne a kan reshe ɗaya, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba.

"Ki daina wahalar da na'urar nan," in ji Dogo, abokin aikinta, yana cire safar hannu. "Amsar ba za ta canza ba."

"To kai za ka je ka faɗa wa Farfesa?"

"Wa, ni? Rufa mini asiri. Ke kika karya ƙafar ƙwaronsa, ke za ki kai labari."

Aikinsu a kan ƙwarin tsallen ganye yake, waɗannan 'yan mitsi-mitsin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, masu soka baki su tsotsi ruwan ganye, ka kai hannu su yi tsalle su ɓace. Ire-irensu ba sa ƙirguwa, kuma a ido kusan duk kamarsu ɗaya. Don a gane wa ke dangin wa, sai a karanta rubutun gadon da ke cikin maitokondiriya, wato 'yan ɗakunan da ke ba kowace ƙwayar jiki ƙarfi. Rubutun nan ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. Yana da yawa a jiki, shi ya sa ko a busasshen ƙwaro na shekara da shekaru akan samu ragowarsa.

Busasshen ƙwaron kuwa shi ne ya hana Dakta sukuni. Farfesa, malaminta da ya yi ritaya, shi ya kama shi tun yana matashi sabon aure, a ciyawar wani tudu, guda ɗaya tal, mai jan ɗigo a fukafukai. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa, sai ya rubuta shi a matsayin sabon jinsi, ya raɗa masa sunan mahaifiyarsa da ba ta daɗe da rasuwa ba. Tun daga nan yake cikin akwatin gilashi, manne a ɗan kwali. Duk ɗalibin da ya bi ta hannun Farfesa ya san Ƙwaron Inna, ya kuma san ko tari ba a yi kusa da shi. Dakta ta sha wuyar lallashi kafin ya yarda ta cire ƙafa ɗaya. Ranar, juya baya ya yi har ta gama, daga nan kuma ya laƙa mata suna Ɓarauniyar Ƙafa.

To ga abin da ƙafar ta tona. Ƙwaron Inna ba wani ba ne illa mugun ƙwaron nan da ke sa wa ganyen masara cutar zane-zane, wanda manoma ke tsine wa safe da yamma. Jan ɗigon launi ne kawai. Ta duba gadon wajen uba, ta duba siffar jiki, magana ɗaya ce. Shi ƙwaron masarar sai daga baya ya addabi gonaki, wasu suka ba shi wani suna daban. A ƙa'idar aikinsu kuwa, idan sunaye biyu suka haɗu a kan jinsi ɗaya, wanda aka fara raɗawa shi ke tsayawa. Na Farfesa ya riga. Ke nan sunan Inna zai hau jikin kowane gwangwanin maganin feshi, cikin jerin abubuwan da ake so a kashe.

Ta buga bishiyar a takarda, ta naɗe, ta fita.

A cikin bas ta yi ta shirya magana tana rushewa. Mutumin nan shi ya koya mata riƙe hantsaki, shi ya tsaya mata lokacin da ta kusa barin karatu, ga shi yanzu ido ya yi rauni, zuciyar ma likita ya ce a yi mata a hankali. Bas ɗin ta tsaya a bakin kasuwa, daidai shagon masu maganin gona. A jikin wani gwangwani an zana ƙwaro kwance rigingine, ƙafafu a sama. Dakta ta kawar da kai. Wallahi da ta san haka, da ta bar masa ƙafarsa.

Mama, matar Farfesa, ita ta buɗe mata ƙofa, da tukunyar feshi rataye a kafaɗa.

"A'a, yau 'yar gida ce? Shigo. Kin same ni a bakin yaƙi. 'Yar masarar da na shuka a bayan gidan nan, ƙwarin nan naku sun sa ta gaba. Ku dai kuna ta bincike, su kuma suna ta ci."

Dakta ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta durƙusa ta gaishe ta.

Farfesa yana baranda a kujerarsa, tsohon madubin ƙara girma rataye a wuya kamar kullum. Da muryarta ya gane ta.

"Ɓarauniyar Ƙafa! Kin dawo mini da ita ne?"

"Ƙafar ta shiga bincike, Baba."

"To me ta ce?"

Ta kauce wa tambayar. Ta tambayi jiki, ta tambayi idon, har yanayin gari sai da ta tambaya. Ya bar ta ta gama kewaye-kewayen, sannan ya miƙo hannu.

"'Yar nan, takarda na ji tana ƙara a jakarki tun da kika zauna. Kawo."

Ta shimfiɗa masa a cinya, ta kama yatsansa ta bi da shi daga gindin bishiyar, reshe bayan reshe, har inda sunayen biyu suka haɗu. Ya ɗora madubin, ya sunkuya. Ta yi ta maza ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

"Amma akwai mafita, Baba," ta ƙara da sauri. "Za mu iya roƙon hukumar sunaye ta bar wanda mutane suka saba da shi. Idan ka amince, ni zan rubuta. Sunan Inna ba zai taɓa hawa gwangwani ba. Sai dai kuma ya fita daga amfani ke nan."

Ya sauke madubin. Mama ta ajiye tukunyar feshin, ta matso tana kallon fuskarsa.

"Ƙwaron masarar nan," ya ce a hankali, "a ina da ina ake samunsa?"

"Ko'ina, Baba. Duk inda aka shuka masara. Har daga ƙasashen da ke tsallaken teku an turo mana."

"Da yawa?"

"Kai, ba a magana."

Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. Hawaye ne, ba ɓoyewa. Dakta ta ji kamar ta nutse.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe miki me? Ke, ba ki san komai ba." Ya ja numfashi. "Tudun nan na sha komawa. Damina da rani, ina jan raga a ciyawa kamar mahaukaci, ko ɗaya ban ƙara samu ba. Daga baya aka fasa tudun aka yi gidaje. Na tsaya a gaban wani shagon aski, a daidai inda na kama shi, na ce shi ke nan, na ɗauki sunan uwata na ɗora a kan abin da ya ƙare."

Ya buga takardar da yatsa.

"Kuma kin san Inna maza kaɗai ta haifa. Abin nan da kike karantawa, na wajen uwa, nata a jikinmu zai tsaya, ba mai kai shi gaba. Tun ranar da na fara koyar da shi a aji yake cina. Yau ki zo ki ce mini ƙwarin da ke ɗauke da sunanta suna nan, uwa tana ba 'ya, sun cika duniya har sun tsallake teku, sannan ki ce in yafe miki?"

"Amma Baba, zaginta za a riƙa yi."

"Tafɗi!" in ji Mama, ta tafa hannu. "Surukata ce za ta ji tsoron zagi? Ni na zauna da ita. Allah Ya jiƙanta, matar nan in ta shiga gidanka sai ta ga dama take fita, kuma ba ta fita sai ta ɗanɗana duk abin da ke tukunya. Ai tun da na ga yadda ƙwarin nan suka ƙi jin magani na ce wannan halin na san shi."

Farfesa ya kwashe da dariya har da tari, Mama tana dukan bayansa tana cewa ya yi a hankali. Dakta ma ta tsinci kanta tana dariya, ido jike.

"Kada ki rubuta wa kowa komai," ya ce da ya samu numfashi. "Ki buga sakamakonki yadda ya fito. Ku nemo wa manoma magani, wannan dole ne, ita ma ba za ta so a kwana da yunwa ba. Amma sunan ya tsaya." Ya dafa hannun kujera. "Kama ni."

"Ina za ka?"

"Wurin masarar nan."

Ta riƙe shi suka zagaya ta gefen tankin ruwa. 'Yan kunyoyin masara ne, ganyen duk ya yi zane rawaya-rawaya. Ya tara hannun farar rigarsa ƙarƙashin wani ganye, ya kaɗa shi da yatsa, irin kaɗawar da ya koya mata tun tana aji ɗaya. Ƙwarin suka zubo. Wasu suka yi tsalle nan take, uku ko huɗu suka zauna a kan yadin suna tafiyarsu ta gefe-gefe.

Ya ɗago madubin. Dakta ta tallafe masa gwiwar hannu har ya daidaita.

Mama ta biyo su da tukunyar feshin, ta fara buga famfo.

"Yau dai ki bar su," ya ce, bai ɗago ba.

"Yau kaɗai. Gobe ko surukata ce sai na fesa."

Bai ji ta ba. Ya kai fuskarsa dab da hannun rigar, ya daɗe yana kallo.

"Inna," ya ce ƙasa-ƙasa, "ashe kina nan a bayan gidana, ni ina can ina nemanki a kan tudu."