Ragon Ba'indiye

Manzo yana wasa wuƙa a kan dutse, ragon kuwa yana ɗaure a gindin aduwa yana tuƙa, ko a jikinsa. Fari ne tas mai baƙin kunne, shi kaɗai ya rage a gidan bayan damina biyu da ba su yi albarka ba.

"Malam, na gaya maka mutumin nan ba ya cin nama," in ji matarsa Kaltuma daga bakin madafa.

"Na ƙasarsu ne ba ya ci. Bai ɗanɗana namu na Damargu ba."

Shekara biyu ke nan da wata ƙungiya ta ɗauki Kaltuma daga Tarka zuwa Indiya, ta koyo gyaran fitilu masu aiki da hasken rana. Wata shida ta yi a wani ƙauye. An sauke ta da sauran masu koyon a tsohon gidan wani attajiri, wanda jikansa Parasmal ya mayar masaukin baƙi: ɗaki talatin, ƙofofi na sassaƙa, bango duk zanen giwaye da ɗawisu. Turawa har kwana suke zuwa yi don kallon rufin kawai. Ta tagarta tana hango ɗakunan ibada biyu. Na ƴan Hindu ja ne, ƙararrawa ba ta hutawa, shanu kwance a ƙofa kamar masu gadi. Na ƴan Jain, addinin su Parasmal, farin dutse ne, shiru kamar ba kowa. A nan ta ga tsofaffi sun rufe baki da ƙyalle don kada su haɗiye ƙwaro, suna share ƙasa kafin su zauna saboda tururuwa. Da farko dariya abin ya ba ta. Sai zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu, uwar Parasmal ta riƙa ba ta kunu a baki, shi kuma ya binciko alƙibla ya shata mata da alli a daɓen ɗaki.

Manzo ya ji labarin nan ya fi sau goma, amma abu ɗaya ya riƙe: an yi wa matarsa alheri. Yau mai alherin zai zo Tarka da mutanen ƙungiyar su duba fitilu. A garin nan baƙon da ba a yanka masa ba, ba a karɓe shi ba, Manzo kuwa ya fi jin tsoron bakin maƙwabta a kan yunwa.

Da hantsi mota ta tsaya. Parasmal, siriri mai tabarau, ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuya wa Kaltuma. Aka shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Manzo ya jawo ragon gaban baƙo don ya ga ƙibarsa kafin a kayar, kamar yadda aka saba.

Parasmal ya shafa wuyan ragon yana murmushi. Sai idonsa ya faɗa kan wuƙar. Hannunsa ya tsaya cak, fuskarsa ta canza.

Kaltuma ta dubi baƙon, ta dubi mijinta. In aka yanka, an saka wa mai alheri da abin da ya fi ƙi a duniya. In ya ƙi karɓa, mijinta ya kunyata a gaban gari. Ta gyara mayafi ta matsa kusa da Sidi, tafintan da ya zo da su daga Zinder.

"Malam Sidi, ka gaya masa ragon nasa ne. Ka tambaye shi yadda yake so a yi da abinsa."

Sidi ya faɗa. Parasmal ya yi magana a hankali, yana duban Manzo.

"Ya ce nasa ne da gaske?"

"Halak malak!" in ji Manzo, da ƙarfi don na baya su ji.

"To ya ce ya gode, ba a taɓa yi masa kyauta irin wannan ba. Amma jirgi ba ya ɗaukar rago. Ya ba ka ajiya, ka riƙe masa har ranar da ragon zai mutu don kansa."

Manzo ya dubi maƙwabta. Ajiya ce, a gaban shaidu sun fi ashirin. Ya ce, "Na karɓa." Ranar tuwon gero da miyar kuka baƙo ya ci, ba nama, ba albasa don ita ma addininsu ya hana, ya suɗe hannu.

Ragon ya ci gaba da cin dusa yana ƙiba. Abdulgani mahauci ya zo sau uku, sau uku ana gaya masa mai shi yana Indiya. Kaltuma ba ta taɓa cewa "ai na gaya maka" ba, ko da yake ta sha jin maganar a bakinta.

Babbar salla ta zo, hayaƙin babbaka ya tashi a gidajen maƙwabta. Manzo ya dawo daga idi, ya ɗauko wuƙarsa ya wasa ta a kan dutse kamar kowace shekara. Ya gwada kaifinta a babban yatsa. Sannan ya yanke igiyar damin harawa, ya zuba wa ragon.